Ranar da alhamza ta tona mini asiri

Akwai wata baiwar Allah da har gobe idan muka haɗu nakan ji nauyinta, duk da cewa ta daɗe da yafe mini. Sakatariya ce a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Kano, kuma saura ƙiris ta rasa aikin da take ciyar da 'ya'yanta da shi saboda wani layi guda da na rubuta da hannuna. Na jima ina juya ko in ba da labarin ko in bar shi, domin babu mai son tona asirin kansa a jarida. Abin da ya rinjaye ni shi ne ganin yadda matasanmu suka duƙufa wajen koyon rubuta manhaja, a jami'o'i da kwalejoji da cibiyoyin koyon sana'a, har da shirin nan na 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023. Kuskuren da na yi yana nan daram a bakin hanya yana jiran kowannensu, kuma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Sana'ata ita ce gina shafukan intanet. A shekarar 2016 makarantar da nake magana a kai ta ba ni aikin haɗa mata shafin rajistar ɗalibai: a shigar da sunan yaro da ajinsa, a ɗora hotonsa da takardar haihuwarsa, sannan a buga masa katin shaida. Na yi aikin da PHP, wato harshen da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, wanda a kansa aka gina WordPress da manhajar da ke ɗauke da Wikipedia, kuma da shi Facebook ya fara. Harshe ne mai sauƙin kamawa. Cikin 'yan makonni mai ƙwazo zai rubuta abin da zai yi aiki, ya kuma ɗauka ya iya. Ni a lokacin na shekara huɗu ina cin abinci da shi, ana kirana Injiniya, ina amsawa.

Hotunan da ake ɗauka da waya manya ne ƙwarai, wurin ajiyar da makarantar ta biya kuɗinsa kuwa kaɗan ne. Dole a rage girman kowane hoto kafin a adana shi. A kan saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, akwai wata tsohuwar manhaja mai suna ImageMagick da ta ƙware a wannan aiki. PHP kuma yana da ƙofofin da ake bi a kira irin waɗannan manhajoji na waje, kamar exec da system da shell_exec. Sai na rubuta layi guda mai cewa a kira ImageMagick, a ba ta hoton da aka ɗora, ta rage shi, ta ajiye shi da sunan ɗalibin. Na gwada da sunana na yanka, ya yi. Na gwada da na ƙanena, ya yi. Na kakkaɓe hannu na wuce.

Kafin in ci gaba ya kamata in yi wa mai karatu bayanin abubuwa biyu, domin a tsakaninsu ramin yake.

Na farko shi ne abin da masu sana'armu ke kira shel. Wata manhaja ce da aikinta shi ne ta karɓi umarni a rubuce, ta fassara shi, ta sa kwamfuta ta aiwatar. Ta girmi shafukan intanet nesa ba kusa ba. Stephen Bourne ya rubuta wadda ta zama uwa ga na yau a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka, ta fito a 1979 tare da tsarin Unix. Brian Fox kuma ya fitar da Bash a 1989, wadda ake samu a kusan kowace kwamfuta mai tsarin Linux. An ƙera shel ne domin ƙwararren da ke zaune gaban na'urarsa, wanda ya san abin da yake nufi, shi ya sa ba ta gardama, ba ta tambayar ko ka tabbata. Akwai kuma alamomin da in ta gani takan ɗauka da ita ake magana. Tazara tsakanin kalmomi na nufin an gama abu ɗaya an shiga na biyu. Waƙafi mai ruwa na nufin umarni ya ƙare, sabo ya fara. Tauraro na nufin duk abin da ke wurin. Alamar dala na nufin ta ɗauko abin da aka ajiye a ƙarƙashin wani suna. Abin da aka kewaye da waƙafin sama, guda a farko guda a ƙarshe, takan ɗauke shi dunƙule ba tare da ta taɓa cikinsa ba. Duk lokacin da ka kira exec a PHP, saƙonka sai ya bi ta hannun shel, ta karanta shi da wannan idon, kafin ya isa ga manhajar da kake nufi.

Na biyu shi ne gurbi. Mai rubuta manhaja bai san sunan ɗalibin da za a shigar gobe ba, don haka yakan bar gurbi mai laƙabi, ya ce duk abin da aka rubuta a akwatin suna a zuba shi nan. Kwatankwacinsa shi ne ka rubuta wa mai kanti takarda cewa a ba da mudu biyu na shinkafa ga wane, ka sa hannu, amma ka bar wurin sunan fili, ka ce wanda zai kai takardar ya cike da kansa. Idan mai gaskiya ne zai rubuta sunansa ya tsaya. Idan kuwa ya ga dama, sai ya rubuta sunansa, ya sa aya, ya ƙara da cewa a haɗa masa da buhun sukari da katan ɗin madara. Mai kanti takarda ɗaya zai gani da sa hannu ɗaya. Ba shi da hanyar sanin inda maganarka ta tsaya, ta ɗan aike ta fara. Haka PHP yake yi: yakan cike gurbin tukuna, ya haɗe komai ya zama jimla guda, sannan ya miƙa wa shel, ita kuma ta karanta kamar duk daga bakinka ya fito.

Ranar farko da aka soma shigar da ɗalibai na gaske, abin ya tsaya cik. Kowane yaro yana da sunansa da na mahaifinsa, akwai tazara a tsakani, sai shel ta ɗauke su a matsayin abubuwa biyu. Na gane wannan da wuri, na kewaye gurbin da waƙafin sama gaba da baya, aiki ya tashi. Na ji kaina ya ƙara girma.

Bayan kwana biyu sakatariyar ta kira ni.

"Injiniya, akwai yaran da hotonsu ya ƙi fitowa. Na ɗora har sau uku."

"Malama, anya ba intanet ɗinku ba ne?"

"Ai na sauran yana fitowa. Na duba, masu suna Sa'adatu da Rabi'u da Mu'azu da A'isha su ne suke ƙi."

Ita ce ta kamo bakin zaren, ba ni ba. A rubutun boko, alhamzar da ke cikin waɗannan sunaye da waƙafin sama muke nuna ta, wato alamar nan da na yi shinge da ita. Shel tana buɗe shinge a farkon suna, ta karanta Sa, ta ci karo da alhamza, ta ɗauka an rufe. Ragowar sunan ya faɗo waje. Alamar da na sa a ƙarshe kuma ta buɗe wani sabon shingen da ba a taɓa rufewa ba, sai shel ta yi watsi da jimlar baki ɗaya. Takan mayar da lamba mai nuna aiki bai yiwu ba, amma ni ban rubuta abin da zai duba wannan lambar ba, don haka shafin ya ci gaba da ce wa sakatariya an ajiye.

A nan ne na yi abin da ya fi komai ba ni kunya. Maimakon in zauna in fahimci ciwon, sai na ce mata, "Ki riƙa cire wannan 'yar alamar, kwamfuta ba ta son ta."

Ta ce, "Amma ai sunan yaro ya canja."

Na ce, "Ba komai, kowa zai gane."

Haka katunan shaida suka fito da Saadatu da Rabiu da Muazu. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya tako har ofis riƙe da katin 'yarsa, ya ce shi bai raɗa mata wannan suna ba. Sakatariyar ce ta sha faɗan, ta kuma ba shi haƙuri da cewa kwamfuta ce ba ta karɓa. Da labarin ya iso ni dariya na yi. Ban tsaya na yi wa kaina tambayar da ke gabana ɓaro-ɓaro ba: idan sunan yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, ya iya keta shingena, ina ga rubutun wanda ya zo da niyyar ketawa?

Shekara ta zagayo. A ƙarshen zango na uku na 2017 mai makarantar ya ce wurin ajiya ya cika, a samar da hanyar goge takardun ajin da ya kammala. Na ƙara maɓalli a shafin: a zaɓi aji, a danna, kayansa su tafi. A bayan fage wani layin exec ne, wannan karon da umarnin rm, wanda ke goge fayil a tsarin Linux ba tare da ya jefa shi kwandon shara ba. Jimlar tana cewa a shiga jakar takardu, a shiga jakar ajin da ke cikin gurbi, a goge duk abin da aka tarar. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina me zai faru idan gurbin ya zo babu komai a ciki ba.

Ranar wata Alhamis sakatariyar ta danna maɓallin kafin ta zaɓi aji. Hannu ne ya riga ido, abin da ke samun kowa. Gurbin ya tafi fanko, jimlar ta koma cewa a shiga jakar takardu a goge duk abin da aka tarar. Kafin ka ce kwabo hotuna da takardun haihuwa na ɗalibai sama da 600 sun tafi, har da na 'yan ajin da ake shirin yi wa rajistar jarrabawa. Ajiyar ko-ta-kwana da nake da ita ta wata biyar da suka wuce ce, domin na yi alkawarin sabunta ta duk mako ban cika ba.

Da na isa makarantar na tarar da ita tsaye a ofishin mai makarantar, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

Ya ce, "Injiniya, ka ga abin da matar nan ta yi mana?"

Na buɗe kwamfutata, kallo ɗaya na yi wa layin na gane komai. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ranka ya daɗe, an danna maɓalli ne ba a zaɓi aji ba."

Ban yi ƙarya ba, sai dai rabin gaskiyar da ya kare ni shi na faɗa. Nan take ya ce ta tafi gida sai an neme ta. Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta ko dube ni ba.

Dare biyu na yi ina lallashin kaina. Na ce ai ita ta danna. Na ce in na yi magana zan rasa aikin, labari kuma zai kai ga sauran makarantun da nake yi wa aiki. Ranar Juma'a da daddare sai ga kiranta. Gabana ya faɗi, na ɗauka zagi zan sha.

"Injiniya, akwai hotunan 'yan aji uku da suka rage a wayata. Ko za su yi amfani in turo maka?"

Matar da aka kora a gaban idona, saboda aikina, ita ce ke neman yadda za ta rage mini wahala. Washegari da safe na tafi gidan mai makarantar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, laifin nawa ne. Wanda ya haƙa rijiya a tsakar gida bai rufe ta ba, bai isa ya zargi wanda ya faɗa ba. Da na rubuta abin yadda ya kamata, ko sau ɗari ta danna babu abin da zai goge."

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To me ya hana ka faɗa tun ranar?"

Na ce, "Tsoro."

Ya ce ta dawo aiki ranar Litinin, kuɗin mai hoto kuma a cire daga cikin ragowar haƙƙina. Mako uku muka yi ana jera yara ana sake ɗaukarsu, iyaye suna sake kawo takardun haihuwa, wasu da haƙuri, wasu da mita, kuma suna da gaskiya. Da na je neman gafararta, ta ce, "Ba komai Injiniya, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Amma don Allah a mayar wa yaran nan da sunayensu."

Na ɗauka a nan darasin ya ƙare, ashe da saura. A lokacin akwai wani ɗalibin jami'a da ya zo koyon aiki a wurina. Na ba shi rubutun manhajar na ce ya duba mini ko akwai wani gurbin da zai iya zuwa fanko. Bayan kamar awa guda ya ce, "Malam, don Allah buɗe wannan adireshin." Na buɗe. Wani sabon shafi ne a cikin shafin makarantar, wanda ban taɓa rubutawa ba, ɗauke da kalmomi uku: Assalamu alaikum, Malam.

A watannin baya makarantar ta buɗe fom ɗin rajista ga jama'a domin masu neman gurbin karatu su cike daga gida. Yaron ya shiga ne kamar kowane uba, ya rubuta harafi ɗaya a akwatin suna, ya sa alhamza ya rufe shingena, ya sa waƙafi mai ruwa, sannan ya rubuta umarnin kansa. Shel ta aiwatar da shi kamar ni na ba ta. Ya ce, "Da na so, Malam, da kalmar sirrin rumbun bayanai na karanto." A cikin wannan rumbun akwai adireshin gidan kowane yaro, da lambar wayar iyayensa, da bayanin wanda ya biya kuɗin makaranta da wanda ake bi bashi. Watanni ƙofar tana buɗe ga duk wanda ke da waya a duniya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa alhamzar Sa'adatu ta nuna mini tsagar tun shekara guda da ta wuce, na ce a cire alhamzar.

Daga nan na koma karatu, na tarar ramin da na faɗa ya daɗe yana cin mutane, har da manyan da suka fi ni nesa. A watan Janairun 2015 aka gano cewa manhajar wasanni ta Steam, a tsarin Linux, tana da layin rm mai gurbi irin nawa sak; idan gurbin ya zo fanko, sai ta bi duk fayilolin da mai kwamfutar ke da ikon gogewa ta share. A ranar 24 ga Satumban 2014 aka bayyana wa duniya aibin da aka laƙaba wa suna Shellshock, wanda Stéphane Chazelas ya gano a cikin Bash kanta. Aibin yana nan tun 1989. Wasu sabobin suna zuba bayanan da baƙo ya aiko a cikin gurabe su miƙa wa Bash, ita kuma idan an tsara rubutun ta wata siga sai ta aiwatar da shi a matsayin umarni. A watan Mayun 2016, shekarar da nake wancan aikin, aka gano ImageMagick ita ma tana miƙa wa shel rubutun da ke cikin wasu fayiloli ba tare da tacewa sosai ba, ta yadda hoton bogi zai iya ba saba umarni. A watan Disambar shekarar kuma Dawid Golunski ya nuna cewa PHPMailer, da ɗimbin shafuka ke aika wasiƙa da ita, za a iya yaudararta ta akwatin adireshin mai aikawa. An yi gyara, cikin 'yan kwanaki aka keta gyaran, sai da aka sake wani. Ƙungiyar OWASP, mai fitar da jerin manyan haɗura 10 da ke fuskantar shafukan intanet, ta sa cusa umarni ta hanyar gurbi a matsayi na ɗaya a 2010 da 2013 da 2017, ta sa shi na uku a 2021.

Wannan bai wanke ni ba. Ƙara mini laifi ma ya yi, domin duk an rubuta su an baza a fili kyauta, ni ne ban karanta ba.

Ga abin da na koya, wanda nake maimaita wa duk yaron da ya zo wurina koyon aiki. Kafin ka kira shel, tambayi kanka ko kana bukatarta. Mafi yawan lokaci ba ka bukata. PHP yana da unlink na goge fayil, yana da GD da Imagick na rage hoto, kuma babu ɗayansu da ke ɗaukar waƙafi mai ruwa a matsayin umarni. Na bi ta shel ne kawai don layinta ya fi gajarta.

Sannan kada rubutun baƙo ya zama sunan fayil. Yanzu kowane hoto lambar ɗalibi yake ɗauka, sunan kuwa yana can a rumbun bayanai da alhamzarsa da ƙugiyarsa. Inda zaɓi ke da iyaka, kamar aji, manhajar ta riƙe jerin azuzuwan da ta sani, duk abin da ba ya cikin jerin ta ƙi shi, gurbi fanko kuma ta tsaya ta yi magana. Lissafa abin da ka yarda da shi ya fi sauƙi a kan lissafa abin da ka hana, domin mai mugun nufi kullum yana da wata alamar da ka manta.

Idan shel ta zama dole, PHP yana da escapeshellarg. Aikinsa shi ne ya kewaye rubutun da shinge, duk inda ya ci karo da alhamza a ciki ya rufe shingen, ya sa mata alamar da ke nuna harafi ce kawai, ya sake buɗewa. Amma shi ma sai an san halinsa. Ranar da na fara amfani da shi a tsohuwar sabar, Sa'adatu ta wuce lafiya, sai ga Ɗahiru ya koma ahiru, Ƙasimu ya koma asimu. Ba a saita sabar ta san tsarin haruffa na UTF-8 ba, don haka duk harafin da bai gane ba sai ya jefar da shi shiru. Sai da na gyara wannan saitin haruffanmu masu ƙugiya suka tsira. Haka nan ba ya hana rubutun da ya fara da karan ɗori ya isa ga manhaja a matsayin zaɓin umarni, don haka shi ma sai an tare shi daban.

Hanyar da ta fi duka ita ce a raba umarni da kayan da aka ba shi tun daga tushe. Tun daga PHP 7.4, wanda ya fito a watan Nuwamban 2019, proc_open yana karɓar jeri a maimakon jimla: sunan manhaja daban, kowane abin da za a ba ta daban, kuma saƙon ba ya bi ta hannun shel ko kaɗan. Python yana da irin wannan a subprocess, Node kuma yana da execFile. Idan muka koma ga mai kantinmu, wannan shi ne ka je da kanka ka ce mudu biyu, ka nuna wanda za a ba. Komai ɗan aike ya rubuta a takardarsa, suna ne kawai.

Bayan duk wannan, ka ɗauka wata rana za ka yi kuskure, domin za ka yi. Kada shafin ya samu ikon taɓa abin da ba ruwansa da shi a kan saba. Ka duba lambar da kowane umarni ya mayar kafin ka ce wa mutum an ajiye. Ajiyar ko-ta-kwana kuma ta riƙa yin kanta kowane dare, ta tafi wata na'urar daban, kada ta dogara da tunaninka ko alkawarinka.

A watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta ɗora wa masu tattara bayanan jama'a da masu sarrafa su alhakin tsare su. Abu ne mai kyau. Sai dai tun kafin doka, uban da ya miƙa takardar haihuwar ɗansa ga makaranta amana ya bayar, kuma amanar tana bi ta hannun mai makaranta da sakatariya har ta tsaya a kan layin da wani matashi ya rubuta da tsakar dare yana gyangyaɗi. Iyayen ba su san shi ba, ba za su taɓa ganin layin ba. Idan abin ya lalace, wanda ke kusa da maɓalli ake kamawa, kuma galibi shi ne mafi ƙarancin albashi a ofishin, mafi ƙarancin bakin kare kansa. Masu makarantu da asibitoci da kantuna, idan abu ya ɓaci ku tambayi wanda ya gina manhajar me ya sa dannawa ɗaya ta isa ta yi wannan ɓarnar, kafin ku kori wanda ya danna.

Ku kuma 'yan'uwana masu koyo, yau kwafo layi daga intanet ko karɓo shi daga manhajojin ƙirƙirarriyar basira ya fi sauƙi a kan zamaninmu. Duk inda kuka ga gurbi a tsakiyar umarni, ku tsaya ku yi masa tambaya uku: idan ya zo fanko fa, idan ya zo da alhamza fa, idan maƙiyi ne ya cike shi fa? Kuma duk ranar da manhajarku ta ƙi sunan Bahaushe, kada ku ce a gyara sunan. Sunan lafiyarsa ƙalau.

Makarantar tana nan, sakatariyar ma tana nan, har an ƙara mata girma. Yaran sun samu sababbin katuna da sunayensu yadda iyayensu suka raɗa musu. Bara da na kai musu sabuwar manhaja, na tsaya ina bayanin kyanta, ba ta ce mini komai ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta rubuta Sa'adatu Ɗahiru a akwatin suna, ta ɗora hoto, ta jira ya fito. Sannan ta je wurin gogewa, ta danna maɓallin ba tare da ta zaɓi aji ba. Manhajar ta ce a zaɓi aji tukuna. Ta juyo ta ce, "To Injiniya, yanzu ci gaba da bayaninka."